Masu Riƙe da Kundi: Akawuna, Sakatarori da Masinjojin Matamaye

Duk yarinyar da za ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a Matamaye, akwai wani mutum da ya share mata hanya shekara goma sha biyar ko sha shida da suka wuce. Ba ta san shi ba, shi ma da wuya ya gane ta in sun yi kiciɓis a kasuwa. Shi ne wanda ya buɗe kundi, ya rubuta sunanta da na uwa da na uba, ya sa rana da wata da shekara, ya ba ta lamba, ya kai aka sa hannu, ya buga hatimi, sannan ya mayar da kundin cikin kabad ya kulle. Da bai yi haka ba, da a ranar haɗa takardun jarrabawa ubanta yana ƙofar kotu da shaidu, yana neman alƙali ya tabbatar cewa an haifi 'yar da ke tsaye a gabansa.

Irin waɗannan mutane nake so a waiwaya: akawun rajistar haihuwa da aure da mutuwa, sakatariyar da ke buga wasiƙu, magatakardan kotu, mai karɓar kuɗin shiga na ma'aikatar magajin gari, mai ajiyar takardu, da planto mai kai saƙo daga biro zuwa biro. Ranar buɗe sabuwar rijiya ko sabon aji ba a kiran sunansu. In 'yan jarida sun zo, manya ake miƙa wa abin magana. Su kuwa sun riga kowa zuwa, sun jera kujeru, su suka buga takardar gayyata, su suka buga jawabin da ake karantawa ana tafi, in an watse kuma su ne za su tattara komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matamaye ita ce cibiyar gundumar Kance a jihar Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam, ta nufi Daura da Kano. Ƙananan hukumomi tara ne a gundumar: Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawshe, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsauni da Yawuri. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 400,000 a cikinta, abin da ya sa ta shiga sahun wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a duk faɗin Nijar, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. A garin ne ofishin perefe, shugaban gunduma, yake, da kotu, da asibitin gunduma, da ofisoshin ilimi da noma da kiwo. Kowane ɗaya daga cikin dubban nan za a haife shi, ya shiga makaranta ko ya fita ci-rani, ya yi aure, ya gaji gona ko ya jinginar da ita, wata rana ya rasu a raba abin da ya bari. A kowane mataki akwai takarda, kuma mutanen da ke rubuta takardun nan a gundumar duka ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da yawan masu jiransu.

Tafiyar takardar haihuwa

Doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai labarin haihuwa. Wadda ta gabace ta, ta 2007, kwana 10 zuwa 30 kawai ta bayar, gwargwadon inda aka haihu. In an kai cikin wa'adi, kyauta ne. In wa'adi ya wuce, sai ta hanyar kotu, ko dai mutum ya je da ƙafarsa, ko ya jira ranar da alƙali da magatakardansa za su fito zaman tafi-da-gidanka a ƙauyuka.

A baki abin da sauƙi. A aikace, labarin haihuwar yana fara sauka ne a littafin da ke ɗakin shan magani ko a zauren maigari. Daga nan sai wani ya hau babur ya bi yashi, ko taɓo in damina ce, ya tattaro takardun ya kawo ma'aikatar magajin gari. Can akawu zai kwafe su cikin babban kundi, a kai wa mai ikon sa hannu, a buga hatimi, sannan takardar ta sake bin hanyar da ta zo har ta isa hannun iyaye. In aka rasa man babur, takardu su kwanta. In littafin ya cika ba a kawo sabo ba, haihuwa ba ta tsayawa jira. Akwai akawunan da ke rubuta sunaye a littafin 'yan makaranta da suka saya da kuɗinsu, don kada ranar ta ɓace kafin na hukuma ya iso.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Nijar. Zuwa 2012 adadin ya kai kashi 64. An yaba wa gwamnati, an yaba wa UNICEF da sauran masu ba da tallafi, kuma sun cancanta. Amma ninkin nan da hannu aka yi shi, layi bayan layi, a ƙasar da a wancan lokacin mace ke haihuwar 'ya'ya sama da bakwai, a Damagaram ma abin ya ɗara haka.

Wanda bai taɓa zama kusa da teburin ba zai ɗauka kwafe ne kawai. Ga abin da ake yi a wurin. Dattijo ya zo da maganar jikansa, akawu ya ɗaga alƙalami ya tsaya.

"Baba, Sa'adu ne ko Sa'idu?"

"Kai ɗana, duk ɗaya ne, rubuta."

"A gida ɗaya ne, Baba. A takarda mutum biyu ne. Ba ni katin uban in gani."

Katin uban ya ce Mahamadou, takardar aurensa ta ce Mahaman, a gari kuma Mamman ake ce masa. Sunayenmu na Hausa da na Larabci da rubutun Faransanci ake sa su, kuma kowane hannu da yadda yake juya su: Ousseini, Housseini, Ousseyni, Hadiza, Hadizatou, Hadidja. Harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takardar haihuwa da ta shaidar jarrabawa, yana iya tsayar da fasfo ko tallafin karatu bayan shekara ashirin, kuma ba mai gyara shi sai kotu. Don haka in ka ga akawu yana maimaita tambaya alhali layi ya kai bakin ƙofa, kada ka yi saurin cewa nawa gare shi. Wahalar da yaron zai sha a gaba yake tarewa.

Sai kuma alkunya. Mace ta zo da ɗan fari a goye, an tambaye ta sunan yaron ta sunkuyar da kai, an tambaye ta sunan mijinta ta ja mayafi ta rufe baki. Ba a koya wa kowa maganin wannan a makarantar horon ma'aikata. Akawun da ya san mutanensa ba ya tsawa. Juyawa yake wajen wadda ta rako ta ya ce, "Yaya, ke faɗa mini sunan maigidan nata." Haka nan ya san jariri ba ya samun suna sai ranar bakwai, ga shi kuwa an sallami mai jego daga asibiti tun washegarin haihuwa, don haka sai an bi sawu, sai an aika, sai an tuna wa uba in an gamu a masallaci.

Ranar zaman tafi-da-gidanka, inda ake yi wa waɗanda wa'adinsu ya wuce, aikin ya fi haka wuya, domin a nan shekara ake farauta.

"Inna, yaushe aka haife shi?"

"Shekarar da aka rufe boda, da kaka, ana yankan gero."

"Wace rufewar, Inna? Ta zamanin Buhari ko ta bayan juyin mulki?"

Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019, aka sake rufe wannan iyakar a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Tsakaninsu shekara huɗu, wato bambancin yaron da ya isa shiga makaranta da wanda bai daɗe da yaye ba. Akawu nagari yana riƙe da tarihin yankinsa a ka: shekarar fari, shekarar ambaliya, shekarar da aka naɗa wane, shekarar da kwalta ta iso. Da wannan yake auna maganar tsofaffi. Inda aka rasa irinsa ne ake samun takardun da aka cika da 1 ga Janairu, ko tsofaffin katunan da shekara kawai suke ɗauke da ita, an ce an haifi mutum wajen shekara kaza.

Gona da shaida

A gundumar Kance ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gonar kaka an raba ta, an sake rabawa, har wani rabon bai wuce a tsaya a wannan iyaka a yi magana da na waccan ba tare da ɗaga murya ba. Fadamun da ake rake da kayan lambu, irin na wajen Dungu, daraja tasu ta fi haka. Inda ƙasa ta yi tsada, rigima ba ta nisa.

Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ta kafa kwamitocin kula da filaye, na farko suka fara aiki a Mirya da Maine Sorowa a 1994, daga baya aka shimfiɗa su a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. A ƙauye maigari ne shugaba, amma dole a samu sakataren da ya iya karatu da rubutu. Shi ne ke cika takardar shaidar gonar gado, da ta sayarwa, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Yawanci wani ne da ya yi 'yan shekaru a makaranta ya dawo gida noma, kuma galibi ba shi da albashi.

Ina ganin girman wannan mutum ƙwarai. Jingina ita ce inda aka fi cutar talaka: an karɓi jika kaza a shekarar yunwa, shekaru sun shuɗe, wanda ya bayar da wanda ya karɓa duk sun rasu, 'ya'yan wannan suna cewa saye ne, 'ya'yan wancan suna cewa jingina ce. Shaidun ma sun kwanta dama. In akwai takarda mai kwanan wata da zanen yatsa, da kwafinta a ma'aikatar magajin gari, magana ta ƙare a zaure. In babu, sai kotu, sai rantsuwa, sai zumunci ya tsinke. Rigingimun da takardun nan suka kashe tun kafin a haife su ba wanda ya ƙirga su, don abin da bai faru ba ba ya shiga rahoto.

Akwai wani wurin da rubuta suna ya zama abu mai nauyi a wannan yanki. A ƙarshen watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito. Daga Disamba 2014 aka fara dawo da 'yan Nijar ayari-ayari daga Aljeriya, a watan Maris 2022 kuma aka kwaso kimanin mutum dubu daga Dakar, da yawansu 'yan Kance da Magarya. Duk ayarin da ya sauka sai an zauna an rubuta: wane ne, ɗan wane, daga wane ƙauye, yaron nan na wa ne. Yaron da ba shi da takarda, in ya rabu da wadda ta tafi da shi, da me za a gane gidansu? Masu wannan rubutu suna yin sa ne a gaban mutanen da suka gaji, suka ji kunya, wasu ma ba sa son faɗin gaskiyar sunansu. Aikin yana son haƙuri da tausayi fiye da yadda yake son iya Faransanci.

Inda tsoron biro ya samo asali

Rubutun mulki ya girmi Nasara a ƙasar Hausa. Fadar Damagaram tana da malamanta masu rubuta wasiƙu da Larabci a buga musu hatimin sarki. A Sakkwato, gidan Waziri tun daga Giɗaɗo ɗan Laima shi ke riƙe da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan tuta. Magatakarda mutum ne mai mutunci a fada, amintacce, mai riƙe sirri.

Da Faransawa suka kama Zinder a 1899, suka kuma mayar da ita babban birnin mulkinsu har zuwa 1926, sai aikin ya sake kama. Kumandan ba ya jin Hausa sosai, ba ya kuma daɗewa a wuri ɗaya. Tafinta da akawu da gardi su ne idonsa da kunnensa da bakinsa. Ta hannunsu ake ƙidayar kawuna don haraji, ta hannunsu ake fitar da sunayen masu aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Matsayi ne mai ƙarfi, mai haɗari kuma. A 1906, lokacin da Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla musu makirci suka tuɓe shi suka kai shi gudun dole, har da tafintansu Ali Diallo a cikin waɗanda aka tuhuma. Amadou Hampâté Bâ na Mali, wanda shi kansa da aikin akawu ya fara, ya rubuta littafi sukutum a 1973 a kan rayuwar wani tafinta na wancan zamani, don nuna yadda mutum ɗaya da ke tsakanin harsuna biyu yake iya juya gari.

Daga can muka gaji abin da har yau bai sake mu ba. Tsoho ya doso biro sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya rage murya, ya ce "ranka ya daɗe" ga yaron da bai kai ɗan autansa ba. A zuciyarsa takarda ba ta zuwa sai da haraji ko sammaci. Wasu ma'aikatan kuma, sai a faɗi gaskiya, sun gaji kujerar tare da halin kumandan. Amma akwai waɗanda suka karya wannan gado ba tare da kowa ya sa su ba: su miƙe su ba dattijo kujera, su gaishe shi da noma da iyali kafin su tambayi abin da ya kawo shi. A wurin mutumin ƙauye, wannan gaisuwa ita ce fuskar gwamnati. Bai taɓa ganin minista ba, mai yiwuwa ba zai taɓa gani ba.

Bayan 'yancin kai an yi ƙoƙarin mayar da aikin sana'a mai horo. An buɗe makarantar horon ma'aikatan mulki a Yamai a 1963. A tsallaken iyaka, cibiyar koyon aikin akawu da aka kafa a Zariya a ƙarshen shekarun 1940 ita ce ta girma ta zama cibiyar nazarin mulki ta Kongo, a Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai yawancin masu riƙe da tebur a ƙananan hukumomi ba su bi ta irin waɗannan makarantu ba. A gefen wani tsohon akawu suka koya, da kallo da gyara da faɗa.

Manya suna wucewa, kundi yana nan

Ga dalilin da ya fi sa nake ganin wajibi ne a gode musu. Matamaye ta zama cibiyar yanki a tsarin 1964, daga baya aka ɗaga yankin ya zama gunduma. Tun daga lokacin Nijar ta ga juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a duk ƙasa a watan Yuli 2004. An rushe majalisun a 2010, aka sake zaɓe a 2011, aka sake a Disamba 2020, sannan a watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe su suka naɗa kantomomi. Perefe nawa suka zo suka tafi? Magajin gari nawa?

Duk sabon da ya zo, ranar farko ba ya sanin inda mabuɗin kabad yake. Bai san wane ƙauye ya biya haraji ba, wane ɗan kwangila ke bin bashi, wace rigimar burtali aka sasanta shekara biyar baya da kuma sharaɗin da aka sasanta a kai. Babban sakatare da akawu da planto su ke sanar da shi. Planto musamman, wanda ake ganin shi ne ƙarshen kowa: shi ke zuwa da sassafe ya buɗe, ya kaɗe ƙurar hunturu daga kan takardu, ya ɗauki littafin miƙa saƙo ya zaga ofisoshi, ba ya barin wuri sai an sa masa hannu cewa an karɓa. Ya san gidan kowane mai unguwa, ya san wanda ake samu bayan azahar da wanda sai an bi shi lambu. In takarda ta ɓace, littafinsa ne ke nuna teburin da ta kwana. A shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan Nijar suka yi ta shafe watanni ba albashi, ga kuma faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994, irin waɗannan mutane ne suka ci gaba da buɗe ƙofa, shi ya sa wanda aka haifa a shekarun nan yake iya zuwa yau a nemo masa shafinsa.

Sakatariya kuma tana da nata nauyin da ba a faɗa. Ita ke tsakanin maigida da jama'a. In ta ce yana taro, a ce ta hana. In ta bar mutum ya shiga, maigida ya yi mata faɗa. Tana ganin takardar korar wani kafin shi ya gani, ta ga ta ƙarin girman wani, ta haɗu da matansu a gidan biki ta yi shiru. Mata da yawa da ke wannan aiki suna haɗa shi da girki da reno, suna kuma jure maganganun da bai kamata a yi wa matar aure ko 'yar mutane ba. Riƙon sirri irin nata amana ce, kuma ba kowa ke iya ta ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Mai karatu zai ce, to, ina labarin "je ka dawo gobe"? Ina na goro? Ina wanda ke ture takardar talaka ya ɗauko ta ɗan gidan wane? Duk akwai su, a ofisoshin ƙasar nan da na maƙwabta, kuma ba ni da niyyar wanke su. Wanda ya karɓi kuɗi a kan takardar da doka ta ce kyauta ce, ya ci haram, ya kuma ɓata sunan abokan aikinsa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna bin yadda ofisoshin Afirka ta Yamma suke gudana a zahiri, kuma sun nuna yadda sanayya ke gaba da layi, da yadda ofisoshi da yawa suka dogara da 'yan sa-kai marasa albashi, waɗanda abin da jama'a suka miƙa musu shi ne abincinsu.

Wannan batu na ƙarshe shi ya kamata a tsaya a kai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikatan ƙaramar hukuma daga kuɗin shigarta ake biyansu, wato harajin kai da na kasuwa da na tasha. Shekarar da damina ta gaza, ko aka rufe iyaka ciniki ya tsaya a gari irin Matamaye da ke numfashi da hanyar Kano, asusu ya bushe, albashi ya makara. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta 2023, kwamfuta da injin buga takarda a ofisoshi da dama sun zama kayan kallo na tsawon sa'o'i. Hukumar da ta ajiye mutum a kan tebur shekara da shekaru ba ta ɗauke shi aiki ba, ba ta sallame shi ba, ita ta buɗe ƙofar da goro ke shigowa. Mu ma jama'a da namu: sai ana gobe rufe karɓar takardun jarrabawa ko na aikin hajji mu taso gaba ɗaya, kowa yana son tasa yanzu-yanzu, in ba a samu ba a ce akawu mugu ne.

Abin da ya ba ni mamaki, ya kuma sa na ɗauki alƙalami, shi ne yawan waɗanda suke cikin wannan hali amma ba su lalace ba. Suna nan. Kowa a gari ya san su, don in mutum zai aiki ɗansa biro yakan ce, "Ka nemi Malam wane, shi ba ya wasa da mutane." Yabon gwani ya zama dole, amma mun fi yin sa a bayan idonsu.

Godiyar da za ta yi amfani

A Amurka tun 1952 aka ware mako na sakatarori, yanzu ana yin sa a makon ƙarshe na Afrilu, a ba su furanni da katin gaisuwa. Ranar 23 ga Yuni ita ce ranar ma'aikatan gwamnati ta Afirka da ta Majalisar Ɗinkin Duniya, 10 ga Agusta kuma ranar rajistar haihuwa da mutuwa ta Afirka. Ba laifi a riƙa tunawa da ranakun nan a Matamaye, a kira akawu gaban jama'a a ambaci sunansa, Sarkin Kance ko perefe ya miƙa masa takardar yabo iyalinsa suna kallo. A al'adarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma mutumin da ke bin albashin wata uku, takardar yabo ba za ta auno masa tiyar gero ba. A fara da biyansa a kan lokaci. A ɗauki 'yan sa-kan da suka ƙware aiki na dindindin. A sa kuɗin man babur da na littattafai a kasafi tun farkon shekara, kada a jira mai tallafi. A sa faranti mai amfani da hasken rana a kan rufin ofishin rajista kafin a sayi sabuwar kujera ta ofishin shugaba.

Sai maganar harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Sama da shekara ɗari akawuna suna fassara takardun hukuma da baki, ga Bahaushe da Bafillace da Buzu da Babarbare, ba a taɓa lissafa wannan cikin aikinsu ba. In da gaske ake Hausa za ta shiga takarda, su ne za su shigar da ita. Su suka san kalmar da manomi ke ganewa da wadda ke ruɗa shi. Ya kamata a zauna da su kafin a tsara kowace sabuwar takardar cikewa, a koya musu daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, a kuma tsayar da hanya guda ta rubuta sunayenmu, don jikokin Mamman su huta da zaryar kotu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffin kundaye. An fara shigar da rajistar jama'a cikin kwamfuta a Nijar, kuma alheri ne. Amma kundayen shekarun 1960 da 1970 da 1980 suna nan a kan takarda, ga gara, ga yoyon damina, ga tawada tana dusashewa. Masu iya karanta hannun akawunan da suka rubuta su, waɗanda suka san cewa wane yana rubuta bakwai kamar ɗaya, suka kuma san ƙauyen da aka sauya wa suna da wanda aka raba biyu, suna ta yin ritaya ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma a cikin taran nan za ta iya kiran tsohon akawunta, ta biya shi, ta zaunar da shi kusa da matashin da ke gaban kwamfuta, ɗaya yana karantawa ɗaya yana shigarwa, har su gama kabad ɗin. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron bita guda a babban otal ba, kuma dole a yi shi yanzu, tun masu karantawar suna da rai da ido.